Tafasa dangin wake ce, amma ba ta aikin wake

Ƴan'uwa manoma, a wani ƙauye na ji wani dattijo yana cewa ya bar tafasa ta cika masa saura don ta gyara ƙasa, tunda tana yin kwanso kamar wake. Ban yarda da wannan magana ba, ga kuma dalilina.

Gaskiya ne masana tsirrai sun sa tafasa cikin babban dangin wake, tare da gyaɗa da gawo da bagaruwa. Amma dangin yana da gidaje da yawa. Gidan tafasa sunansa Senna, a cikinsa kuma akwai rai-ɗore da filasko. A da ana haɗa su da marga a ƙarƙashin suna ɗaya, wato Cassia. A shekara ta 1982 wasu masana biyu a Amurka, Irwin da Barneby, suka duba furanninsu da kyau, suka raba su. Marga ta riƙe tsohon suna, waɗannan uku suka koma Senna.

To, ina ruwan manomi da wannan rabo? Idan damina ta yi nisa, ka tuge wake ka dubi saiwarsa. Za ka ga ƴan dunƙule-dunƙule manne da ita. A cikinsu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke jawo abincin shuka daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun takin ure. Sannan ka tuge tafasa ka duba. Ba za ka samu ko ɗaya ba, haka ma rai-ɗore da filasko. Ganyen tafasa idan ya ruɓe yana taimakon ƙasa, amma abin da ta ci a gonarka ne take mayar maka. Mai son gonarsa ta farfaɗo ya shuka wake ko gyaɗa, ya kuma bar gawo ya girma.

Ba raina tafasa nake yi ba. Kwaɗonta ya riƙe gidaje da yawa lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Sai dai a san ta da ƴan'uwanta, don zama gida ɗaya bai sa halinsu ya zama ɗaya ba. Ganyen tafasa bi-biyu ne jeri uku, bakinsa a zagaye. Na rai-ɗore yakan kai jeri huɗu ko biyar, bakinsa da tsini, yana da wari idan an murza shi. Ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore guba ne. A ƙasar Indiya, a shekara ta 2007, likitoci sun nuna cewa cin su ne ke lalata hantar ƙananan yara har su mutu. Kada a bar shi ya yi kwanso a bayan gida inda yara ke wasa, kada kuma ƴaƴansa su shiga cikin abincin dabbobi.

Filasko kuwa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi. Kada a ba ƙaramin yaro, mace mai juna biyu kuma kada ta sha sai ta tambayi likita.