Idan inji ya buga: Lissafin da ya kamata masu manyan motoci a Jigawa su yi kafin su sayi wani

Duk mai babbar mota ya san akwai ranar da za a yi masa wannan kiran. Direba ne da sassafe, murya a sanyaye, ya ce mota ta tsaya tsakanin Shuwarin da Kiyawa, inji ya yi wata irin ƙara sannan ya ɗauke. Kafin bakanike ya kwance ƙasan injin ya ga ɓarɓashin ƙarfe a cikin baƙin mai, mai mota ya riga ya san zancen: inji ya buga.

Haka ta faru da wani maƙwabcina a Dutse. Tifa ɗaya gare shi, yana ɗebo yashi da tsakuwa zuwa wuraren gini, kuma da ita yake riƙe da gidansa da na ƙaninsa marigayi. Cikin kwana uku aka jera masa hanyoyi uku: a sauke injin a gyara, ko ya sayo irinsa na Beljiyam, ko kuma ya ƙara kuɗi ya ɗora wanda ya fi nasa ƙarfi, wanda aka ciro daga wata tirela a Turai. Dillalin da ya kawo maganar na ukun ya iya baki. Ya ce masa, "Alhaji, tunda kashe kuɗin za ka yi, ka sa wanda za ka huta. Wannan ko dutse ka ɗora masa ba zai ji ba."

Wannan maganar ce nake so mu tsaya a kanta, domin ta ci dukiyar mutane da yawa. A ganina, ga mafi yawan masu tifa da kanta da tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin Dutse, Jahun, Kiyawa, Birnin Kudu da Ringim, sayen injin da ya fi ƙarfin motar asara ce da ake yi wa kallon riba. Kuɗin da ake biyan mai inji ranar ciniki shi ne ƙaramin kaso na abin da injin zai ci.

Mu fara da ƙasar da motar za ta taka. In ka cire duwatsun Dutse da na Birnin Kudu, tsakiyar Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Daga Dutse zuwa Kano kimanin kilomita 100 ne, babu wani hawa da zai sa direba ya yi ta sauke giya. Motar da ke kai hatsi Gujungu ranar Lahadi, ko ta ɗauko shanu daga Maigatari ranar Alhamis, ba ta haɗuwa da abu irin Hawan Kibo. Ita kuwa tifar da ke shiga gulbi ɗebo yashi, abin da take buƙata shi ne inji mai ja tun yana juyawa a hankali, da giya mai nauyi da za ta fito da ita daga rairayi. Adadin dawakan da aka rubuta a ƙofar mota, 380 ne ko 430, ba shi ke fitar da ita ba.

To ina ƙarin dawakan za su tafi? Hanya biyu ce kawai: gudu ko ƙarin lodi. Gudun tirela da tankar mai a doka bai wuce kilomita 60 a awa ba ko a kan babban titi mai hannu biyu, kuma tun watan Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Saura lodi. Mai mota da ya ji injinsa ba ya nishi sai ya ce a ƙara buhu talatin, a ƙara wa bodi tsawo da katako. Injin zai ja, babu musu. Amma birkin da zai tsayar da kayan shi ne dai na da, taya ita ce ta da, sasi shi ne na da. Wanda ya taɓa ganin tirela ta kasa tsayawa a bakin kasuwar ƙauye ranar cin kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ko da direban mai hankali ne, akwai asarar da ke jiran mai mota a gareji. Kamfanin da ya ƙera mota ya auna inji da kuloci da giya da aksil da lagireto tare, kowanne daidai ƙarfin ɗan'uwansa. Idan ka canza ɗaya ka bar sauran, mafi rauni a cikinsu shi zai fara kuka. Yau kuloci ya ƙone, bayan wata biyu haƙoran giya sun zube, can kuma lagireto ya kasa sanyaya injin da ya fi shi zafi, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ga kuɗin ɗora injin kansa: a yanka wurin zamansa a yi walda, a sauya bututu, a nemo abin da zai haɗa shi da giyar da ba tasa ba. Dillali ba ya saka waɗannan a farashin da ya faɗa, domin ba shi zai biya ba.

Sai babban mai cin kuɗi, wato dizal. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300. Kafin ƙarshen shekarar ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,300, kafin matatar Dangote ta fara sayarwa ta sauko da nata farashin zuwa naira 1,000 a watan Afrilun 2024. Tun daga nan, shan mai ya zama abin da ke raba mai riba da mai faɗuwa. A yi wannan lissafin a matsayin misali: a ce mota tana cin kilomita 5,000 a wata, sabon injin kuma ya fi tsohon sha da lita 5 kacal a kowace kilomita 100. Lita 250 ke nan a wata. In an sa lita a naira 1,000, naira 250,000 ce duk wata, miliyan 3 a shekara. Bambancin da direba ba zai ma lura da shi a tafiya ɗaya ba.

A nan dole a yi adalci. Ba kowane babban inji ne ya fi ƙarami shan mai ba. Ƙaramin inji da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa, kullum ƙafar direba a ƙasa, yana iya fin babba sha, kuma zai riga shi mutuwa. Abin da nake cewa shi ne a auna, kada a ɗauka. Masu motocinmu ƙalilan ne ke rubuta litar da aka zuba da nisan da aka yi. Mutum zai iya faɗa maka kuɗin injin har kobo, amma ka tambaye shi lita nawa motarsa ke sha daga Dutse zuwa Kano da lodi, sai ya ce sai an tambayi direba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da injinan da ake yi wa kirari da ƙarfi shi ne shekarunsu. Yawancinsu na zamani ne, an ƙera su don dokokin hayaƙin Turai. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 manyan motocin can suka fara amfani da ruwan AdBlue don tace hayaƙi, daga 2014 kuma ƙa'idar Euro 6 ta hau kan duk sabuwar babbar mota. Irin waɗannan injina kwamfuta ce ke sarrafa su, nozul ɗinsu na fesa mai da matsi mai tsanani ta ƙofofin da suka yi kusa da sirantar gashi, kuma an yi su ne don dizal ɗin da salfa, wato farar wuta, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan a cikinsa ba. A Najeriya an shafe shekaru doka tana yarda da har kashi 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Ko man ya fito da tsabta daga matata, wa zai ba da tabbacin abin da ya same shi kafin ya shiga tanki? Dizal ɗin jarka a bakin hanya, wanda aka sirka da kananzir ko ruwa ya shiga, tsohon inji mai famfon gargajiya zai yi tari ya wuce. Na zamani kuwa nozul zai lalata, ko kwamfutar ta rage masa ƙarfi ya koma rarrafe.

Daga nan sai zaman jira. Injin gargajiya ya samu matsala a Jahun, bakaniken Jahun zai taɓa shi, in kaya ne a aika Ƙofar Ruwa a Kano su iso kafin magariba. Na kwamfuta sai an nemo mai na'urar bincike, wani lokaci kayan sai an yi odarsu daga Ladipo a Legas. Motar da ta kwana goma a gareji a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da riɗi da zoɓo da shinkafa ke fita daga gonakin Jigawa zuwa Dawanau, ta rasa kakar da za ta biya bashin shekara. Direba da yaron mota kuma ba su daina cin abinci ba.

Na ambaci bashi domin kusan babu mai sayen inji da kuɗin aljihu yanzu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma duk injin da ya tsallako teku da dala aka sayo shi. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wanda ya guji banki kuwa, gona yake jinginarwa ko ya sayar da shanu. Duk nairar da aka ƙara don sayen dawakan da ba za a yi aiki da su ba, daga nan ta fito.

Shi ya sa hanyar farko, wato sauke inji a gyara, ta cancanci a daina yi mata kallon aikin marasa hali. Idan bulok bai tsage ba, karanshaf kuma bai wuce gyara ba, sabbin fistin da zobba da hannun riga na silinda na iya dawo da injin da ka san tarihinsa. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: jabun kaya. Gyara da kayan jabu ya fi rashin gyara muni. Na Beljiyam shi kuma ba ka san abin da ya gani ba. An wanke shi, ya yi ƙyalli, amma babu wanda zai faɗa maka kilomita nawa ya ci kafin a ciro shi. Masu Howo suna da sauƙi ta wannan fuska. Injin WD615 da ke cikin yawancinsu ya samo asali ne daga zanen kamfanin Steyr na Ostiriya, wanda dattawan direbobi suka sani tun lokacin da ake harhaɗa motocinsa a Bauchi. Ba a yi masa kirari da daɗewa kamar na Turai, amma kayansa suna ko'ina, kuma makanikai sun san cikinsa.

Akwai wanda ƙarin ƙarfi ya dace da shi. Mai tirelar da ke kai riɗi tashar jiragen ruwa a Legas, ko mai bin hanyar Jos da kaya cike, yana da hujja. Amma ko shi, gara ya sayi injin tare da giyarsa da lagiretonsa, ko ya sayar da kan motar ya sayi wanda aka ƙera da wannan ƙarfin tun asali.

Ko wanne aka zaɓa, akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: me ya kashe na farkon? Inji ba ya bugawa haka kawai. Ko matatar iska ta yage ƙurar hunturu ta riƙa shiga tana cin silinda, ko lagireto ya toshe, ko an riƙa jan ranar juyen baƙin mai, ko an zuba na bogi. In ba a gano ba, sabon ma kabarinsa ɗaya da tsohon. Sannan kada a biya kuɗi sai an tayar da injin a gaban bakaniken mai saye, da sanyinsa, a duba launin hayaƙi, a auna matsin baƙin mai, a buɗe murfin zuba mai a ga ko yana huci. A karɓi rasiti mai ɗauke da lambar inji da takardar kwastan, a je a gyara takardun mota, domin injin sata ma yana shiga kasuwa, kuma a hannun wanda aka same shi ake kamawa.

Garanti kuwa, yawanci na baki ne, "in ya ba da matsala ka dawo da shi". Ranar da aka dawo da shi sai a ce bakanikenka ne ya ɓata. Nan ne ƙungiyoyi ke da aiki. NARTO ta masu motoci da NATA ta makanikai a Jigawa za su iya zama da dillalai su fitar da takardar ciniki guda ɗaya mai sauƙi, da Hausa, wadda ta faɗi kwanakin garanti da abin da ya ƙunsa da wanda zai raba gardama. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Abin da ke buƙatar gwamnati shi ne horo: injinan kwamfuta za su ci gaba da shigowa ko muna so ko ba ma so, domin Turai ta daina ƙera na gargajiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse da cibiyoyin koyon sana'a na jiha su ne wuraren da ya kamata a ajiye na'urorin bincike, a riƙa kiran makanikan da ke bakin aiki suna koyo da yamma, ba sai yaran da suka gama sakandare kaɗai ba.

Maƙwabcina dai bulok ɗinsa ya tsage, saboda haka gyara bai yiwu ba. Ya tafi Kano da bakanikensa, suka ƙi inji biyu, suka ɗauko na uku irin nasa sak. Da rarar kuɗin ya sa sabon lagireto, domin shi aka gano ya kashe na farkon, ya kuma canza taya huɗu na baya. Tifar ta koma aiki bayan mako uku. Direbansa har yanzu yana ƙorafin cewa ana wuce shi a hanyar Kiyawa, shi kuma ya sayi littafi ya ce a riƙa rubuta masa litar kowace rana.