Kafin ka miƙa wa mai gwangwan tsohuwar laftof ɗinka, duba sikirin ɗinta



Tsohuwar laftof ɗin nan da ka tura ƙarƙashin gado tun ranar da ka sayi sabuwa, ko wadda maigidanka ya bar maka a shago har ta yi ƙura, ra'ayina a kanta guda ne: kada ka sayar wa mai gwangwan sai ka tabbatar sikirin ɗinta ya mutu. A sana'armu ta gyaran waya mun san cewa fuska ita ce mai tsada. Waya ta faɗi ƙasa, kuɗin sikirin kaɗai kan sa mutum ya haƙura da gyara. To haka abin yake a laftof. Injinta na iya tsufa, ta riƙa ɗaukar minti biyar kafin ta buɗe, kibod ya daina aiki, batir ya mutu, amma fuskar tana nan garau. Mai gwangwan kuwa ba fuska yake saye ba, nauyi yake saye. Abin da zai ba ka bai fi ka sa kati ka sha lemo ba.

Wannan fuska za ta iya zama sikirin na biyu ga sabuwar kwamfutarka, ko babban sikirin ga wayarka. Wanda bai taɓa aiki da sikirin biyu ba zai ɗauka gayu ne. Ka je ka zauna da mai shagon buga takardu a Wurno lokacin rajistar JAMB, ka ga yadda yake rufe wannan shafi ya buɗe wancan don kwafo suna da lambar NIN, harafi ɗaya ya kuskure yaro ya shiga wahalar gyara. Ka dubi ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya dawo gida Rabah yana rubuta furojet, littafin da yake karantawa da takardar da yake rubutawa duk a matse cikin inci 14. Ko yaron dillalin albasa a Goronyo da ke shigar da lissafin buhuna, rasit a waya, jadawali a kwamfuta. Mu kanmu masu gyara, zanen injin waya yana gefe ɗaya, manhajar filashin tana ɗaya gefen. Duk waɗannan, sikirin na biyu yana rage musu kuskure kafin ma a zo maganar sauri.

Sai dai akwai inda mutane ke asarar kuɗi tun a matakin farko. Mutum ya ga ramin HDMI a sabuwa, ya ga irinsa a tsohuwa, sai ya sayi waya ya haɗa su yana jiran hoto. Ba zai zo ba. Ramin HDMI na laftof hanyar fita ce, hoto yake turawa zuwa talabijin ko majigi, ba ya karɓa. Haka ramin VGA mai shuɗin baki. Ka haɗa biyu masu turawa, babu mai karɓa. Kada wani ya ce maka wayar ce ba ta da kyau ka sayi mai tsada, ko wace iri ka sayo haka za ta yi.

Idan tsohuwar tana tashi kuma tana da Windows 10, fara da abin da ba ya cin ko sisi. A tsohuwar ka shiga Settings, ka shiga System, ka nemi "Projecting to this PC". Idan ka ga wurin a dushe ba ya taɓuwa, sai ka ƙara wani ɓangare mai suna "Wireless Display" daga cikin "Optional features", wannan kaɗai ne zai ci maka data kaɗan, sau ɗaya. Bayan ka kunna, ka koma kan sabuwar ka danna maɓallin Windows tare da K, sunan tsohuwar zai fito, ka zaɓa. Daga nan ka danna Windows da P ka zaɓi "Extend". Wanga mataki shi ne mutane ke mantawa, sai su ga abu ɗaya a fuska biyu su ce ba amfani. "Extend" ne ke sa ka ja shafi da maus daga wannan fuska ya faɗa waccan. Wannan fasaha sunanta Miracast, kuma na'urorin biyu kai tsaye suke magana da juna ta Wi-Fi. Mai wayar Samsung zai iya tura fuskar wayarsa zuwa laftof ɗin ta Smart View, wasu wayoyin Tecno da Infinix ma suna yi ta wurin da aka rubuta "Cast". Mai iPhone kam sai haƙuri, ba ta jin wannan yaren. Matsalar ita ce laftof da ta tsufa ƙwarai, katin Wi-Fi ɗinta bai san Miracast ba, kuma Windows zai faɗa maka haka a rubuce a wannan shafin.

Idan ta ƙi, akwai manhajar spacedesk. Ana sa ɓangaren da ake kira Driver a sabuwar, a sa Viewer a tsohuwar, ko da Windows 7 ce a kanta. Tsohuwar waya ko tablet ta Android ma tana karɓa. Sharaɗin shi ne su biyun su hau hanyar sadarwa ɗaya. Ba ka da rauta? Kunna hotsifot na wayarka, ka haɗa su biyun a kai, sa'an nan ka kashe data. E, ka kashe. Hoton ba ya zuwa intanet ya dawo, tsakaninsu yake yawo, kuma in ka bar data a buɗe kwamfutoci biyu za su faɗa sabunta kansu su lashe maka ita kafin ka farga. In kana da wayar intanet irin ta kafe, ka soka kai ɗaya nan ɗaya can, ta fi hotsifot sauri da natsuwa.

Wannan batu na rashin buƙatar sabis ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Duk wanda ke nan gabashin Sakkwato a watan Satumba na 2021 ya tuna lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, mutane na shiga mota zuwa birni don kiran waya kawai. Ko yanzu akwai garuruwan da sai ka hau tudu kake samun sanda biyu. Duk dabarar da za ta tsaya in sabis ya ɗauke, ba tamu ba ce.

Yanzu ga inda na saɓa da masu koyar da abin ga a YouTube. Su suna zaune inda wuta ba ta ɗaukewa, shi ya sa suke tsayawa a kan waɗannan hanyoyi biyu. Amma ka lura, a duka biyun tsohuwar kwamfutar a kunne take gaba ɗayanta: injinta na aiki, fanka na juyawa, tana zafi, duk don ta nuna maka hoto. Juya cajarta ka karanta, za ka ga watt 65 ko 90. Ba kullum take jan duka ba, amma ga mai ƙaramar sola ko mai auna fetur da kwalba, kwamfuta biyu nauyi ne. Ga jinkiri: ka motsa maus, sai bayan ƙiftawar ido ya motsa a can. Don karatu da rubutu da lissafi ba komai. Don gyaran bidiyo ko wasa, zai ba ka haushi.

Akwai wata 'yar na'ura kamar filash mai suna kafca kad, gefe ɗaya ramin HDMI, ɗaya gefen USB. Ita ce ke ba tsohuwar laftof ƙofar shiga da ba ta da ita: wayar HDMI daga sabuwa zuwa na'urar, na'urar a USB na tsohuwa, ka buɗe manhajar Camera ko OBS ka cika fuska. Tana aiki, ba ta son Wi-Fi ko kaɗan. Kwalinta zai ce 4K, amma wannan abin da take karɓa ne, abin da masu arahar ke fitarwa bai wuce 1080 ba, rubutu kuma yakan ɗan dushe. Araha ba ta ado. Kuma har yanzu injin tsohuwar a kunne yake.

Abin da na fi yarda da shi a wurinmu shi ne a raba fuskar da gangar jikin gaba ɗaya, musamman in laftof ɗin ta riga ta mutu. A kwance sukurorin, a ɓalle firam a hankali, a zaro sikirin ɗin. A bayansa akwai farar takarda mai lamba, irin su LP156WH4 ko B156XW02 ko LTN156AT24. Haruffan farko kamfani ne: LP na LG, B na AU Optronics, LTN na Samsung. 156 kuma yana nufin inci 15.6. Da wannan lamba ake sayen ƙaramin bod mai sarrafa sikirin, wanda ke zuwa da ramin HDMI da VGA masu karɓa, da 'yan maɓallan ƙara haske. Ka ɗauki hoton lambar ka tura wa mai kaya a titin Beirut ko Farm Centre a Kano ya duba maka, ko ka yi oda ta AliExpress. Kada ka saya da ka. Wasu fuskokin bakinsu LVDS ne mai fil 40, na baya-bayan nan eDP mai fil 30, kuma kowane bod an saita shi ne ga girman hoton fuskarsa. Harafi ɗaya ya bambanta, kana iya samun farin allo ko hoto a rabe.

Dalilin da ya sa na fifita wannan: yawancin bod ɗin nan da volt 12 suke aiki, wato daidai da batirin solar da ke shagunanmu. Ba inbata, ba janareta, ba fanka, ba jinkiri, kuma wutar da yake ja ba ta kai ta laftof guda ba ko kusa. Sai dai ka sa regiuleta tsakani, domin batiri in yana caji da rana yakan haura volt 14, bod kuma ba ya son haka. Kafinta ya yi maka firam na katako, ko a bar fuskar cikin murfinta na asali a yi mata ƙafa. Ka samu sikirin da zai karɓi laftof, ya karɓi dikoda, ya karɓi wayar da ke fitar da hoto ta USB-C kamar manyan Samsung masu DeX. Gargaɗi ɗaya: fuskokin da suka girmi 2010 da yawansu ba LED ba ne, siririn kwan fitila ne a ciki mai sinadarin makuri, wutar da ke kunna shi kuma tana da ƙarfin da za ta girgiza ka. Irin wannan a kai wa mai gyara, kada yara su yi wasa da shi in ya fashe.

Mai tsohuwar destof, kai naka mai sauƙi ne. Monita daban take, cire wayarta ka soka a laftof. In bakin bai dace ba akwai ɗan adafta na HDMI zuwa VGA. Akwatin kuwa kada ka kunna shi don wannan aiki, asarar wuta ce.

Wani zai ce, ai gara in sayar in ƙara kuɗi in sayi monita sabuwa. In kana da kuɗin, bismilla, monita ta fi girma ta fi haske, ba gardama. Haka in tsohuwar tana aiki lafiya kuma kana da ƙane ko ƙanwa da za su zauna JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, ni dai na fi son ka ba su ita su saba da maus da kibod. Yaron da bai taɓa riƙe maus ba sai ranar jarrabawa ya fi ka buƙatarta. Maganata a kan wadda ba mai amfani da ita ce, kuma irinsu sun ƙaru. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, in kuma injin Intel ne, daga zubi na 8 zuwa sama. Yawancin HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad na hannu da suka cika shagunanmu ba su kai nan ba. Shiga asusun banki da kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro ganganci ne, amma nuna hoto ba ya buƙatar wannan. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a 2022, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. Mu da ake kawo wa ragowar wasu, bai kamata mu fi masu ita saurin zubarwa ba.

Ko wace hanya ka bi, ka duba batirin tsohuwar. In ka ga wurin maus ya taso ko gindinta ya daina zama daidai a tebur, batir ya kumbura, a cire shi yau. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka, batirin da ya kumbura a bar shi kan caji dare da rana wuta yake jira. Laftof tana aiki da caja kaɗai ba batir.

In kuma ka cire fuskar za ka ba mai gwangwan sauran, to zare had-disk tukuna. Hotunan iyalinka, takardun makaranta, lambobin sirrin da burauza ta adana, duk suna ciki, kuma mutuwar laftof ba ta goge su. Duk wanda ya saya ya sa shi a ɗan gida mai USB zai buɗe komai cikin minti biyu. Kai ma irin wannan gidan za ka saya, ka sa had-disk ɗin a ciki, ya zama wurin ajiye hotuna da bidiyon da suka cika maka waya.