Canza buji a kan lokaci ya fi jiran mota ta mutu a hanya

Yawancin motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram sun sha tafiya a Turai kafin su iso ta tashar Kwatano ko Lome. Mai mota zai canza taya, ya sake fenti, amma bai tuna buji sai ranar da injin ya fara kakkarwa. Wannan sakaci ne mai cin kuɗi.

Aikin bobin shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa sama da bolt 20,000, buji kuma ya maida ita tartsatsin da ke kunna isansi. In buji ya cinye, tazarar bakinsa tana buɗewa, sai bobin ya riƙa aikin da ya fi ƙarfinsa har ya ƙone, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Isansin da bai ƙone ba kuwa yana bi ta salansa, ya lalata tukunyar tace hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na buji nesa ba kusa ba.

A Yulin 2024 an rage kuɗin litar isansi daga sefa 540 zuwa 499. Ɗan taksin da ke yawo da mataccen buji yana zubar da wannan rangwame a titi kullum.

Buji na yau da kullum yakan kai kilomita 30,000, na iridiyom kuma yana iya kai 100,000. A canza su gaba ɗaya, kuma irin wanda kamfanin motar ya tsara. Bobin kam ba dole a zubar da su duka ba: bakanike na gari yakan musanya masu wuri ya ga ko matsalar ta bi guda. Kuma a yi hattara da jabu, don ana kwaikwayon kwalin NGK da Denso sosai. Araha ba ta ado.

Ƴan uwa mazauna waje masu aiko mota gida, ku haɗo da buji na asali a cikinta. Mutuwar mota tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da tsakar rana, ga iyali a ciki, ta fi kuɗin buji huɗu tsada.