Maganin Kariyar Fuka Ba Ya Son Tsallake

Magungunan da likita ke rubutawa don hana ciwon fuka tashi, irin su beclomethasone da budesonide, aikinsu kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin numfashi ne, kuma a hankali suke yinsa. Sai an yi makonni ana shaƙa kullum kafin amfaninsu ya fito sosai. A nan ne masu ciwon da yawa ke yin kuskure mai ban takaici. Da zarar ƙirji ya saki, tarin dare ya lafa, sai a jefa maganin cikin durowa, a riƙe shuɗin abin shaƙar nan na salbutamol kawai, alhali shi buɗe hanya yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya taɓa kumburin. Ranar da ƙurar hunturu ta turnuƙe gari, ciwon kan dawo da ƙarfinsa. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da ciwon fuka, ta daina ba da shawarar manya su dogara da shuɗin shi kaɗai. Yadda ake shaƙar ma abin kula ne ƙwarai: idan abin shaƙar mai dannawa ne, a girgiza shi, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10. Bayan nan a kurkure baki a tofar, domin ragowar maganin na iya kawo fari-fari a harshe da dashewar murya. Rage yawan maganin kuwa hukuncin likita ne, kuma galibi sai ciwon ya yi wata 3 a kwance.