Dubu Shida Ko Dubu Uku? Shari'ar Yatsu a Zauren Mai Unguwa

A daminar da ta wuce na je gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta, na tarar da wata rigima a zauren mai unguwa wadda har yau ba ta bar raina ba. Ɗan ƙanena, saurayi kurma da ya yi 'yan shekaru a makarantar kurame a birni, ya yi jingar noman farko da wani maƙwabcinmu a gonar gero. Da aka zo yanke lada, manomin ya tambaye shi da hannu: nawa? Yaron ya ɗaga hannun dama, ya ɗora babban yatsa a kan ƙaramin, sauran ukun suna tsaye. Manomin ya gyaɗa kai, aka tafa. Da aiki ya ƙare sai ya miƙa masa naira dubu uku. Yaron ya ƙi karɓa, domin shi dubu shida ya ce.

Shaidu biyu suka rantse cewa yatsu uku suka gani, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi ma yaron bai yi ƙarya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu a karkara idan mutum ya nuna lamba da hannu, yatsun muke ƙirgawa, kowane yatsa ɗaya ne, kamar yadda ake lissafa damman gero a bakin rumbu. Yadda na taso na gani, biyar ita ce a tattara kan yatsun hannu wuri guda, goma kuwa a haɗa hannu biyu, shida ba ta samuwa sai an gayyato ɗaya hannun. Kuramen da ba su je makaranta ba ma a kan wannan hanya suke, shi ya sa tsohuwa mai sayar da daddawa take ciniki da su ba tare da tafinta ba.

Makaranta kuwa wata hanya ta koya wa yaron. A maganar hannu ta Amurka, wadda a kanta aka gina koyarwar makarantun kurame na Najeriya, hannu ɗaya ya isa. Babban yatsa a kan ƙarami shida ke nan. A kan na kusa da shi, bakwai. A kan na tsakiya, takwas. A kan manuniya, tara. Mai karatu ya ajiye jaridar nan ya gwada. Zai ga cewa a duk lambobin nan huɗu yatsu uku ne ke tsaye. Ga ɗan makaranta, siffar hannun ce lambar, tamkar yadda 6 a rubuce ba ta ƙunshi layi shida ba. Ga manomi kuwa duk uku ne. Ukun makaranta ita kanta babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, wanda mai gaggawa zai iya ɗauka biyu.

Wannan tsari ya shigo mana ne ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A Kano an kafa makarantar Tudun Maliki a 1977. Ban ga laifin kowa a nan ba, ilimi aka kawo kuma an amfana. Abin da ke damuna shi ne yadda aka manta cewa kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kafin nan. Sai da wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafinta Maganar Hannu a shekarar 2000, sannan da yawa daga cikinmu 'yan boko suka yarda cewa abin da muke kira nune-nune harshe ne mai ƙa'ida.

Kuma bai kamata ƙirgan siffa ya zame mana baƙo ba. Duk almajirin da ya karanci hadisin Ibn Umar a Sahihu Muslim ya ji cewa Annabi (SAW) yakan ƙulla hamsin da uku da hannunsa a zaman tahiya. Wa ke da yatsu hamsin da uku? Larabawa suna da lissafin ƙulla yatsu wanda kowane lanƙwaso ke da ma'anarsa, har a kai 9,999 da hannu biyu. Wani malamin kirista a Ingila mai suna Bede ya bayyana irinsa a 725. Mu kanmu bayan kowace salla muna cire 33 daga gaɓoɓin yatsu goma. Abin da ɗan ƙanena ya yi tsohuwar hikima ce, sai dai ya yi ta a gaban wanda bai san ƙa'idarta ba.

Ko a tsakanin masu ji, yatsa ba ya faɗin ko na mene ne. Dattijo ya nuna biyar a kasuwar Bichi yana nufin jaka biyar, wato naira dubu, tunda jaka ɗari biyu ce a lissafin da ya gada tun zamanin fam, kafin naira ta zo a 1973. Jikansa ya nuna biyar ɗin nan yana nufin dubu biyar. Mu baki ke warware mana. Kurma ba shi da wannan gata, kuma idan aka zo shari'a, abin da masu ji suka gani shi ake ɗauka hujja.

A nan ne nake ganin abin ya wuce ladan noma. Ma'aikacin ƙaramin asibiti zai tambayi kurma kwana nawa ya yi yana zazzaɓi, ko watan cikin matarsa nawa, ko ƙwaya nawa ya riga ya sha. Tara da uku ba ɗaya ba ne a ɗakin awo. Haka wajen rabon gado, a ƙasar da gonaki suka matsu har ana auna su da taki. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, amma doka ba ta zama a zauren mai unguwa. Abin da zai yi aiki a can ƙarami ne: malaman kurame su riƙa koya wa yara ƙirgan gida tare da na makaranta, su ja kunnensu cewa a kasuwa hannu biyu ake amfani da su, makarantun koyon aikin lafiya kuma su ware ko da yini guda su nuna wa ɗalibai siffofin nan huɗu. Duk wata jinga da kurma, a rubuta lambar a ƙasa ko a ajiye kuɗin a gani.

Yadda aka ƙare a zauren, ƙanwar yaron ce, 'yar shekara goma sha biyu, ta debo tsakuwa ta zube a gabansa. Ya sake nuna hannunsa, ya ware guda shida. Mai unguwa ya daɗe yana kallon tsakuwar, sannan ya ce a raba gardama, a ba shi dubu huɗu da ɗari biyar. Manomin ya biya yana gunaguni. Yaron ya karɓa, ya ƙirga sau biyu, ya ɗaga wa mai unguwa hannun hagu a tattare da yatsa ɗaya na dama, ya fita.