Doka Ce Ta Buɗe Unix, Ba Karamci Ba

Ana yawan ba da tarihin Unix kamar labarin kyauta: wai wani babban kamfani ya ƙirƙiro manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya kuma raba wa jami'o'i don son ilimi. Gaskiyar magana, doka ce ta ɗaure wa kamfanin hannu.

A shekarar 1949 gwamnatin Amurka ta maka AT&T a kotu bisa zargin babakere a harkar tarho. Aka sasanta a 1956: kamfanin ya ci gaba da riƙe layukansa, amma aka hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba, aka kuma wajabta masa ba wasu lasisin fasahohin da ya mallaka.

Da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a 1969 a Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin, sai AT&T ya wayi gari da haja mai daraja wadda ba shi da damar kasa ta a kasuwa. Jami'o'i suka riƙa karɓar ta da ainihin rubutun shirinta a kan kuɗi kaɗan, ba alkawarin gyara, ba tallafi. Dole ta sa malamai da ɗalibai suka koyi gyara da kansu, suna musayar abin da suka gano. A haka Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da BSD, John Lions kuma ya koyar da rubutun layi-layi a Ostireliya.

Wani zai ce basirar injiniyoyin ce ta yi aikin. Babu musu a kan basirar, sai dai basirar da aka kulle a ɗaki ba ta yaɗuwa. Hujja ita ce abin da ya biyo baya. Tun a 1979 lasisin bugu na bakwai ya haramta koyar da rubutun a aji. Da aka rarraba AT&T a 1984, takunkumin ya kau, Unix ta zama haja sosai, har rikicin mallakarta ya kai BSD kotu a 1992. Toshewar ƙofar ce ta sa Andrew Tanenbaum ya rubuta Minix a 1987, wadda Linus Torvalds ya fara Linux a kanta a 1991. Yau kowace wayar Android a kan Linux take tafiya.

Duk hukumar da ke sa ido kan manyan kamfanonin fasaha ya kamata ta riƙe wannan: mai babakere ba ya buɗe rumbunsa sai an sa shi.