Ba hannun mai zane ne ya kasa ba

Daren jiya na zauna da yarana muka kalli wani tsohon fim na zane, The Iron Giant. Ko da aka gama, autana na share hawaye, ni ma wallahi sai da na kau da kai. Amma kun san wannan fim faɗuwa ya yi a kasuwa?

Labarin ya faru a Amurka a 1957, lokacin da tsoron Tarayyar Sobiyet ya cika zukata. Wani yaro ya tsinci ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da ya faɗo daga sama. Makami aka ƙera shi, shi kuwa ya ƙi kisa. Brad Bird ne ya shirya fim ɗin daga littafin Ted Hughes na 1968. In ban da ƙaton da aka yi da kwamfuta, mutanen ciki da hannu aka zana su. Kamfanin Warner Bros ya fitar da shi a watan Agusta 1999. An kashe wajen dala miliyan 50, abin da ya shigo bai wuce miliyan 31 da ɗoriya ba. Ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.

To me ya kawo haka? Ni dai ina ganin laifin masu kamfani ne. A 1998 fim ɗinsu Quest for Camelot ya faɗi, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Ba su tsayar da ranar fitowa ba sai a ƙurarren lokaci, talla ta zo a makare. Disney kuwa ta daɗe tana yayata Tarzan. Sannan suka sake shi rana ɗaya da The Sixth Sense, wanda ya kwashe jama'a. Mai talla shi ke da riba. Wanda ya ɓoye hajarsa a ɗaka, wa zai taya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne darasin da manya suka ɗauka. Bayan Treasure Planet ma ya faɗi a 2002, sai aka ce zanen hannu ya mutu, kowa ya koma kwamfuta. In haka ne, yaya Spirited Away na Japan, zanen hannu, ya kafa tarihin ciniki a ƙasarsa har ya ci Oscar a 2003? Shi kansa The Iron Giant ya kwashi lambobin Annie 9, daga baya kaset da talabijin suka kai shi gida-gida har ya zama abin so.

Kada mu yi wa Amurkawa dariya, mu ma muna da namu. Marigayi Moustapha Alassane, da ya zauna a Tahoua, yana cikin na farko da suka yi fim na zane a Afirka. Tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda ya sa kwaɗi suka yi wa masu mulki shaguɓe. Ya rasu a 2015. Tsakani da Allah, yaranmu nawa suka taɓa ganinsa? Ba ƙin sa suka yi ba, ba a nuna musu ba ne.

Don haka in an ce muku aiki bai karɓu ba, ku fara tambaya: wa ya kai shi gaban jama'a? Gidajen talabijin ɗinmu da makarantu, ku fito da finafinan Alassane, yara su gani su yanke hukunci da kansu.